Baƙin da ke sauka a tafkin Sakumono

Mu da muka taso a Nima da Maamobi mun san tsuntsayen unguwa: hankaka a kan rufin kwano, shirwa tana shawagi bisa kasuwa, balbela kuwa tana bin shanu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a gefen hanyar bakin teku zuwa Tema akwai masaukin wasu baƙi da ke zuwa daga Turai kowace shekara.

Wannan masauki shi ne tafkin Sakumono. A shekarar 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna a birnin Ramsar na ƙasar Iran, Ghana ta shiga cikinta a 1988. A 1992 aka sanya wurare biyar na gaɓar tekunmu a ƙarƙashinta: Sakumono, bakin kogin Densu, Muni-Pomadze, Songor da Keta. Daga wajen watan Satumba, idan sanyi ya doso Turai, sai dubban tsuntsayen ruwa su sauko nan, su yi kiwon ƙananan kifaye da tsutsotsin laka har zuwa bazara.

A cikinsu akwai wata farar tsuntsuwar teku mai baƙin kai da wutsiya kamar almakashi. Yawancin irinta na Turai a tsibirin Rockabill suke ƙyanƙyasa, kusa da Dublin, sa'an nan su keto fiye da kilomita 5,000 zuwa gaɓarmu. A da yara kan kama su da tarko a bakin ruwa, har yawansu ya ragu ƙwarai. Aikin wayar da kai da aka fara a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, ya taimaka wajen rage wannan ɗabi'a.

Yau ba tarkon yara ne babbar barazana ba, bulo da siminti ne. Ana cike gefen tafkin da ƙasa ana gina gidaje, hukuma na rushewa, wasu na sake ginawa. Mai neman ganin ƙarshen irin wannan sakaci ya je ya dubi Korle, inda ruwan babban gwatan Nima ke ƙarewa bayan ya bi ta Odaw. Ledar da muka jefa a bayan gida can take zuwa. Kuma idan hanyar ruwa ta toshe, gidajenmu yake komowa. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba.

Ko ungulu, wadda iyayenmu suka saba gani birjik a mahauta, yanzu sai an dace. Tun 2015 masana suka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen sassan jikinta don tsubbu.

Magidancin da ke son ya kai 'ya'yansa Sakumono, ya zaɓi safiya tsakanin Oktoba da Fabrairu, lokacin da baƙin suke nan.