Me ke sa mutane shiga ƙungiyoyi a Kabalaye?

Unguwar Kabalaye da ke Injamena ta ɗauki sunan wata ƙabila ce ta kudancin Chadi, daga yankin Lai a bakin kogin Logone. Baƙon da ya sauka birni yakan fara neman mai jin yarensa, kamar yadda fataken Hausawa suka kafa zango a Kumasi. A wurin mutanensa yake samun masauki, da wanda zai tsaya masa ranar ciwo ko rasuwa.

Masana halayyar ɗan Adam na ganin abin ya wuce neman abinci. A 1995, Roy Baumeister da Mark Leary sun bayyana cewa son a karɓe ka cikin jama'a buƙata ce ta asali. Shi ya sa mace ɗaya za ta shiga adashi saboda jari, ta shiga mawaƙan coci saboda imani, ta kuma riƙe ƙungiyar 'yan garinsu saboda zumunci.

Sai dai abin yana da ƙaya. Gwaje-gwajen Henri Tajfel a farkon shekarun 1970 sun nuna cewa ko da ƙuri'a aka raba mutane, sukan fifita nasu. Injamena ta ɗanɗana kuɗarta kan irin wannan wariya a yaƙin basasar 1979, lokacin da dubban 'yan kudu suka bar birnin. Don haka duk ƙungiyar da ke haɗa ɗan kudu da ɗan arewa, ta 'yan kasuwa ce ko ta ƙwallo, ta cancanci goyon bayan hukuma.