Idan Annoba Ta Ɓulla, Me Soja Ke Fara Yi?

Duk wanda ya zauna da samarin Wagadugu ya san irin finafinan nan na Amurka da ake nuna gawawwaki suna tashi suna cizon mutane, wanda aka ciza shi ma ya zama irinsu. Turawa na kiran su zombi. Tatsuniya ce, babu mamacin da ke tashi. Amma musun da ake yi bayan an gama kallo yana da amfani ga ɗan kasuwa: da irin wannan bala'i zai faɗo wa gari, me sojoji za su yi?

Su kansu sojojin sun yi wa kansu wannan tambaya. A 2011 wasu hafsoshin Amurka suka rubuta wani tsari mai suna CONOP 8888 na yaƙi da zombi, don koya wa ƙananan hafsoshi tsara aiki ba tare da ambaton wata ƙasa a matsayin abokiyar gaba ba. Mu kuwa ba sai mun je fim ba, domin mun ga amsar da idonmu har sau biyu.

Na farko shi ne lokacin Ebola. Ran 20 ga Agusta 2014 gwamnatin Laberiya ta sa sojoji suka kewaye West Point, wata unguwar talakawa a Monrovia, ba shiga ba fita. Abinci ya yi tsada, jama'a suka yi bore, sojoji suka buɗe wuta, wani yaro ya rasu. Masu kuɗi suka riƙa ba da cin hanci suna sulalewa. Bayan kwana goma aka janye shingen, cutar kuma ba ta tsaya ba. A Legas kuwa, inda cutar ta shiga ran 20 ga Yuli 2014, ba a killace kowace unguwa da bindiga ba. Ma'aikatan lafiya ne suka bi sawun duk wanda ya taɓa majiyyaci, gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar.

Na biyu a gida ya same mu. An samu masu korona na farko a Burkina ran 9 ga Maris 2020. Daga 21 ga watan Shugaba Roch Kaboré ya kafa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 5 na asuba, aka rufe iyakoki. Kafin watan ya ƙare an rufe Rood Woko da sauran manyan kasuwanni, an kuma hana shiga da fita Wagadugu. Jama'a sun yi ta kukan bulalar jami'an tsaro da dare. Kasuwar ta buɗe ran 20 ga Afrilu, amma iyakokin ƙasa irin su Cinkassé da Dakola sai 1 ga Disamba 2021 aka buɗe su ga matafiya. Wata 20 ke nan.

Ashe abin da soja ke fara yi sananne ne: shinge a hanya, dokar hana fita, rufe kasuwa da iyaka. Wannan ya iya, kuma cikin dare ɗaya yake yinsa. Yana kuma da amfani wajen jigila da gini, kamar yadda sojojin Amurka kusan 3,000 suka je Laberiya suka kafa cibiyoyin jinya. Abin da bindiga ba ta iyawa shi ne sa mai zazzaɓi ya fito ya ce ga ni. Unguwar da aka kulle da yunwa ɓoye majiyyacinta take yi.

Saboda haka, 'yan'uwa fatake, da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin annoba, a lura da abu uku. Kada a zuba jari duka a kayan da ke ruɓewa kamar goro da tumatir. A bar wa iyali hatsi da kuɗin cefane kafin a kama hanya. A riƙe katin shaida da katin rigakafi a jiki, domin wanda shinge ya tsare a Cinkassé ba shi da ranar komawa gida sai wadda hukuma ta yanke. Allah Ya kiyaye mu.