Bindigar Gado: A Harba Ta Ko A Adana Ta?

A ranar rabon gado a ƙasar Funtua da Malumfashi, gona ba ta cika ba da wahala ba, domin an san iyakarta, an kuma san nawa aka sayar da maƙwabciyarta. Shanu kuwa, dillalan kara na yi musu kuɗi nan take. Kayan da kan sa malamin rabo ya ajiye alƙalami shi ne bindigar da aka zaro daga ƙarƙashin gadon marigayi, mai baki biyu, naɗe da tsohon gwado, wata ma ba a taɓa ɗana mata harsashi ba tun ranar da ta baro kanti. Nan magada kan rabu uku. Wani ya ce a sayar a zuba kuɗin cikin rabo. Wani ya ce kayan Baba ne, ba mai fita da ita. Saurayin gidan kuma ya ce zamani ya lalace, a ba shi ya riƙa tsaron gona.

Kafin a raba wannan gardama, ya kamata a san yadda bindigar ta shigo gidan. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasels, suka taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da haka bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta zama ta talaka da maharbi, har maƙeranmu suka gwanance wajen ƙera ta. Bindiga mai cin harsashi kuwa sai da lasisi, shi ya sa ta zama kayan hakimi da attajiri da babban ma'aikacin En'e. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ga injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtua da Malumfashi, sai kuɗin auduga ya shiga hannun manyan manoma da dillalai. Wanda kaka ta yi wa kyau yakan sayi keke, ko rediyo, ko ya tafi Makka, wani kuma ya nemi lasisi ya mallaki mai baki biyu. Wasu don korar birai daga masara da harbin zabo da fakara suka saya. Wasu kuwa don girma kawai, kuma irin tasu ce ake tararwa yau kamar sabuwa.

Abu na farko da ke yi wa irin wannan bindiga daraja shi ne sunan maƙerinta. A kasuwannin gwanjo na Ingila, bindigar Purdey, kamfanin da aka kafa a Landan a 1814, ko ta Holland & Holland, takan kai dubban fam masu yawa, saboda da hannu aka ƙera ta, aka yi mata zane. Amma bindigogin aiki da masana'antun Birmingham da Liege ta Beljiyam suka yi ta fitarwa da yawa, da Baikal ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuɗinsu a can ba ya taka kara ya karya. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ana gane asali daga sunan da aka rubuta a tsakanin bututun biyu, da kuma ƙananan tambura da ke ƙarƙashinsu. Birmingham na da gidan gwajin bindigogi tun 1813, kuma kowace bindiga da ta ci gwaji sai an buga mata tambari. Ta Beljiyam tana ɗauke da haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai.

Abu na biyu shi ne halin da take ciki. A nan ne son gyara ke jawo asara. Mutum ya ga ƙarfe ya dusashe, sai ya samo yashi ko takardar goge ƙarfe ya murje shi har ya yi fari fat, ya kai wa kafinta ƙotar ya shafa mata fenti. Da wannan aikin ya goge rabin darajarta, wani lokaci har da tambarin da zai faɗi shekarunta. Masana tsofaffin kaya sun fi son ta da launinta na asali ko ya kwanta. Tsumma mai laushi, da ɗan man inji siriri, da wuri busasshe nesa da ƙasa da gara, sun ishe ta.

Na uku shi ne takardu da labari. Tsohon lasisi, rasitin kanti, hoton marigayi riƙe da ita, da sanin wanda ya saya da shekarar da ya saya, su ne ke bambanta kayan tarihi da tsohon ƙarfe. A wurinmu ma wannan ya fi kuɗin nauyi, domin tarihin arzikin auduga na kudancin Katsina kaɗan ne aka rubuta, ragowarsa na cikin adakoki da bakin tsofaffi.

To, a harba ta? Amsata ita ce a'a, kuma dalilin farko na lafiyar jiki ne. Bindigar da ta shekara hamsin ko sittin a ajiye ta sha raɓar damina da bushewar hunturu. Waje na iya yin kyau alhali tsatsa ta ci rami a ciki. Katakon ƙota kan bushe ya tsage ta inda ido ba ya gani. Zanzaro ma kan gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, kuma toshewa kaɗan ta isa ta fasa ƙarfe. Ban da haka, yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, alhali wanda ya fi yawa yau mai milimita 70 ne. Zai shiga, ta rufu, amma matsin da zai yi ya wuce abin da aka gwada ta da shi. Waɗanda suka fi tsufa kuma, masu bututun da aka murɗa daga zaren ƙarfe, don baƙin albarushi aka yi su, ba don na zamani marar hayaƙi ba. In bututu ya fashe, hannun hagu da fuskar mai harbi ne a kusa.

Maganar saurayin nan mai son tsaron gona ba abin rainawa ba ce. Wanda ya san abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume suka gani, ko ya tuna ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, ba zai zarge shi ba. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, da kansa ya yi kira a 2021 ga jama'a su tashi su kare kansu. Sai dai gaskiya ɗaya ce: bindigar harbin tsuntsu harsashi biyu take ɗauka, kuma bayan mita 40 zuwa 50 ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Masu zuwa da AK-47 na da harsashi 30 a zubi ɗaya, suna kuma kaiwa mita 300. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Labarin cewa akwai bindiga a gida kaza ma kan jawo wa gidan baƙin dare. Matashin da ke da zuciyar kare garinsu yana da ƙofa ta hukuma, kamar rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023.

Saura doka, wadda magada da yawa ba su sani ba. A Dokar Makamai ta 1959, lasisin bindigar harsashi daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, na bindigar toka kuma daga Kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Idan mai shi ya rasu, kwana 14 doka ta ba wanda kayan ke hannunsa ya riƙe ta. Riƙe bindiga ba lasisi kuwa, a dokar fashi da makamai ta 1984, na iya kai mutum ɗaurin shekara 10. Saboda haka ko adanawar ma sai ta bi ta hannun hukuma. Sayarwa a ɓoye ita ce mafi muni, domin wanda zai zo ya taya ta a asirce ba tarihi yake nema ba, kuma ba ka san ƙirjin da za ta fuskanta gobe ba.

Shawarata ga magada ita ce kada kowa ya gwada kunamarta, ko an ce ba komai a ciki. A ɗauki hoton sunan da tamburan, a tattara takardun, a zaunar da dattawan gida a rubuta labarinta tun suna raye. Sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci, a je ofishin 'yan sanda na yanki tare, a nemi hanyar da doka ta yarda. Idan mai tarihi ce, gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina da Gidan Makama na Kano wurare ne da za a tuntuɓa, inda jikoki za su je su gan ta da sunan kakansu. Iyayenmu sun riƙe waɗannan bindigogi shekaru da dama ba su zubar da jinin kowa da su ba. Amana ce a kanmu kada a fara a hannunmu.