Kilo ɗaya daga Zariya, tan-tan ta Gaya: yadda doka ke raba kayan nukiliya a kan hanya

A watan Disambar 2018 aka fitar da tsohon makamashin na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga Zariya zuwa filin jirgin saman Kaduna, daga nan aka mayar da shi ƙasar Sin, wadda ta ƙera na'urar da ta fara aiki a 2004. Yuraniyom ɗin da ke ciki kusan kilo ɗaya ne kawai, amma sai da aka rufe shi cikin tukunyar ƙarfe mai nauyin kusan tan 30.

Shekara da shekaru kuwa, manyan motoci suna ɗauko garin yuraniyom daga ma'adinan Arlit a Nijar cikin durom-durom na ƙarfe, su bi ta Dosso da Gaya, maƙwabciyar Kamba ta Jihar Kebbi, zuwa tashar ruwan Kwatano, kafin rufe iyaka a 2023.

Me ya sa kilo ɗaya ya fi tan-tan tsananin tsaro? Amsar tana cikin wani nau'i da ake kira yuraniyom-235, wanda ƙwayoyinsa ke iya tsagewa a jere har su haifar da zafi da tururin da ke kisa. Garin Arlit yana ɗauke da kimanin kashi 0.7 cikin ɗari na wannan nau'in, shi kuwa na Zariya an tace shi zuwa kusan kashi 90.

Saboda haka ƙa'idojin sufuri na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ba sa lissafa yuraniyom da ba a tace ba cikin kayan da ke iya tsagewa. Suna kuma sassauta wa wanda tacewarsa ba ta wuce kashi 1 ba, da shara mai 'yan giram kaɗan, bisa sharuɗɗa. Sai dai sassaucin bai ɗauke wajibcin rufi mai kyau, takardu da alamar gargaɗi ba. A Najeriya, hukumar NNRA ce ke ba da izinin irin wannan jigila.

Ga direbobi da masu lodi a Jega, Aliero da Maiyama, abin lura shi ne alama mai kunnuwa uku kamar fanka da lamba 7 a ƙasanta. Idan motar da ke ɗauke da ita ta yi hatsari, a nisanta, kada a taɓa kayan, a sanar da jami'an tsaro.