Shirley Chisholm da Haƙƙin Masu Aikatau

A shekarar 1968, sa'ad da mutanen Brooklyn a birnin New York suka zaɓi Shirley Chisholm ta wakilce su a Majalisar Wakilai ta Amurka, ba a taɓa ganin baƙar mace ta zauna a zauren nan ba tun kafuwarsa. Sai dai wanda ya tsaya ga wannan fifiko kaɗai ya tauye mata haƙƙi, domin abin da ta aikata da kujerar ya ɗara hawanta.

An haife ta a 1924, ta yi wani sashe na ƙuruciyarta wajen kakarta a tsibirin Barbados, kuma malamar ƙananan yara ce kafin ta shiga siyasa. Mahaifiyarta ɗinki take yi, tana kuma aikatau a gidajen masu hali, saboda haka Shirley ba a littafi ta karanta halin matan da ke wanke-wanke da raino da shara ba, waɗanda shari'ar ƙwadago ta zamanin ta yi shakulatin ɓangaro da su. Tun tana majalisar jihar New York, wadda ta shiga a 1965, ta yi tsayin daka har aka sanya su cikin masu karɓar tallafi idan aiki ya yanke.

A 1972 ta nemi jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta tsayar da ita takarar shugabancin ƙasa, ba ta samu ba. Amma a shekarar nan aka harbi abokin takararta George Wallace, gwamnan Alabama, mutumin da ya taɓa tare ƙofar jami'a don hana baƙaƙen ɗalibai shiga, sai ta tafi asibiti ta yi masa dubiya, alhali magoya bayanta suna ganin hakan tamkar cin amana ne. Lalle fushinsu yana da hujja, gama zaluncin mutumin a fili yake. Amma a ganina ita ta fi su sanin cewa husumar siyasa ba ta ɗauke wa mutum haƙƙin majinyaci.

Da aka zo 1974, tana fafutikar dokar da za ta wajabta mafi ƙarancin albashi ga masu aikatau, Wallace ɗin ne ya taya ta shawo kan wakilan jihohin kudu, dokar kuwa ta tabbata. Ta bar majalisa a 1983 ta koma koyarwa, ta rasu a 2005.