Wayoyi a Kan Allo: Yadda Injiniyoyi Suka Yi Ta Ƙorafi Kan LabVIEW Har Aka Saurare Su

Yau birnin Austin na jihar Texas a Amurka za mu leƙa, mahaifar wata manhaja mai suna LabVIEW, mu ji yadda aka yi ta kai ruwa rana tsakanin kamfanin da ya ƙera ta da injiniyoyin da ke cin abinci da ita. Rigimar tasu kuwa a kan ƙananan abubuwa ce, irin waɗanda ko wayar da ke aljihun mai sauraro tana yin su ba tare da an gode mata ba.

Tarihin a gurguje. A 1976 wasu mutum uku da ke aiki a wani ɗakin bincike na Jami'ar Texas, wato James Truchard da Jeff Kodosky da Bill Nowlin, suka kafa kamfanin National Instruments a garejin gidan Truchard. Sana'arsu ita ce haɗa na'urorin awo da kwamfuta. A 1986 suka fito da LabVIEW a kan kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, a 1992 kuma ta hau Windows.

Abin da ya raba LabVIEW da sauran hanyoyin haɗa manhaja shi ne, a nan zane ake yi. Mai aiki da Python ko C umarni yake jerawa, layi bayan layi. Shi kuwa mai LabVIEW linzamin kwamfuta zai kama, ya ɗauko ɗan akwati ya ajiye a kan allo, ya ɗauko wani, sannan ya ja waya daga wannan zuwa wancan. Akwati na farko ya karanto zafi daga na'urar awo, na biyu ya yi lissafi, na uku ya nuna sakamako. Doka ɗaya ce ke tafiyar da su duka: babu akwatin da zai motsa sai duk bayanan da yake jira sun iso masa ta wayoyinsa. Kowane shiri fuska biyu gare shi, ta gaba mai maɓallai da mitoci wadda mai aiki ke kallo, da ta baya inda wayoyin suke. Kodosky, wanda ake wa laƙabi da uban LabVIEW, ya gina ta ne a kan abin da injiniyoyi suka saba da shi tun a makaranta, wato zana akwatuna da layuka kafin su taɓa ƙarfe.

Wayoyin nan har launi gare su. Wadda ke ɗauke da cikakkiyar lamba shuɗiya ce. Mai ɗauke da lamba mai ɗigo, irin su 3.5, ruwan lemo ce. Ta rubutu ruwan hoda, ta "e ko a'a" koriya. In mutum ya haɗa abin da bai dace ba, sai wayar ta tsinke ta koma baƙin ɗigo-ɗigo, kibiyar da ake dannawa a tayar da shirin ita ma ta karye. Hotonta ne ke karyewa gida biyu a kan allo, mutum yana gani. Akwai kuma wani ɗan hoton ƙwan fitila a sama. In aka kunna shi, shirin sai ya rage gudu, a riƙa ganin bayanai suna tafiya a kan wayoyin, ɗigo bayan ɗigo, daga akwati zuwa akwati, har a kama inda lissafin ya ɓaci. Wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure ɗaya a cikin dubban layukan rubutu zai gane dalilin da ya sa mutane suka kamu da son wannan manhaja.

Kada kuma a ɗauka abin wasan yara ce. A cibiyar binciken CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka haƙa zoben rami mai tsawon kilomita 27, da LabVIEW aka sarrafa na'urorin da ke tare ɓurɓushin da ya kauce hanya kada ya lalata injin. Injiniyoyin SpaceX sun faɗa a 2013 cewa da ita suke haɗa allunan da ake sa ido kan roka daga ƙasa. Yaran ma ba a bar su a baya ba, don manhajar Lego Mindstorms NXT ta 2006 a kanta aka gina ta.

To ga abin mamakin. Manhajar da aka damƙa wa irin waɗannan ayyuka, shekara 12 ta yi a kasuwa ba ta da maɓallin warware kuskure, wanda ake kira Undo. Shekara 12, daga 1986 har zuwa 1998 da fitowa ta biyar ta zo da shi. A duk tsawon wannan lokaci, in hannun injiniya ya zame ya goge rabin zanen da ya wuni yana yi, abin da ya rage masa shi ne ya koma kan abin da ya adana na ƙarshe, in ya tuna ya adana ɗin. Gaskiya dai aikin ba shi da sauƙi ga masu ƙera manhajar. A rubutu, warware kuskure mayar da haruffa ne inda suke. A zane kuwa, cire waya ɗaya na iya sauya irin bayanan da ke bin wayoyi goma a gabanta, dole a tuna yadda kowacce take a mayar da ita. Amma wannan uzurin kamfani ne, ba ya dawo wa injiniya da wuninsa.

Sai babbar rigimar, wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: zuƙowa. Wato mutum ya iya ƙara girman zanen ya ga ƙanana, ko ya rage shi ya ga duka a kallo ɗaya. Abin da kowa ke yi da yatsa biyu a kan hoton biki. LabVIEW, manhajar da komai nata zane ne, a wancan lokaci ba ta yin wannan.

Masu roƙo suna da hujja, kuma hujjar lissafi ce. Ɗan akwati na yau da kullum a LabVIEW faɗinsa ɗigon allo 32 ne, tsayinsa 32. Allon Macintosh na farko faɗinsa ɗigo 512 ne, saboda haka akwati ɗaya ya cinye kashi ɗaya cikin 16 na faɗin allon, ɓaro-ɓaro ake ganinsa. Allon zamani da ake kira 4K kuwa faɗinsa ɗigo 3,840 ne. Akwatin nan dai bai ƙaru ba, yana nan a 32 ɗinsa, ya koma kashi ɗaya cikin 120. A cikin wannan ɗan wuri ne kuma ake son mutum ya saita linzami ya maƙala waya a daidai ƙofarta, alhali wani akwatin ƙofofinsa sun haura goma. Ga shi waɗanda suka fara aiki da ita suna samari yanzu tabarau suke sakawa. Allo yana ƙara laushi, ido yana ƙara rauni, akwati yana nan yadda yake.

Masu adawa su ma ba su rasa ta cewa ba, kuma yawancinsu tsofaffin hannu ne a sana'ar. Ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo ita ce, zanenka kada ya wuce faɗin allo ɗaya. In ya fara yawa, ka tattara wani sashe ka dunƙule shi cikin akwati guda, ka ba shi suna. Wanda ya ƙi bin wannan, zanensa kan zama abin da masu sana'ar ke kira taliya: wayoyi sun cuɗe, sun hau juna, ba a san inda wannan ta fito ba balle inda ta nufa. Tsofaffin hannun suka ce rashin zuƙowa shi ne birkin da ke hana mutane dafa taliyar. A ba su dama su rage girman zane, sai su shimfiɗa abin da ya kai faɗin allo goma, su bar wa wanda zai gaje su ciwon kai.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba ta da kyau. Masu taliyar nan ai ba su fasa ba. Sun ci gaba da zanensu mai faɗin allo goma, sai dai wanda aka kira ya gyara ne ke shan wahala, yana jan allo dama da hagu. An hana mai kirki abin da zai taimake shi don a ladabtar da wanda ba ya jin ladabin. Akwai kuma dalilin da ba a cika ɗaga murya a kansa ba: an gina zanen LabVIEW ne a kan ɗigon allo ƙidayayyu tun zamanin Macintosh, sauya wannan kuwa taɓa tushen gini ne. Kamfanin ya ba da wata 'yar taga da ke nuna zanen duka a ƙanƙance, mutum ya danna inda yake son zuwa. Aka karɓa, aka ci gaba da roƙo.

Wasu buƙatun sun fi saurin samun shiga. A 2008 aka kawo maɓallin da ke gyara zaman wayoyi da kansa, aka kuma kawo wata dabara mai suna Quick Drop. A da, in kana neman akwati sai ka bi jerin hotuna, ka buɗe wannan rukuni ka shiga wancan. Yanzu sai ka danna maɓalli biyu, ka rubuta farkon sunansa, ya faɗo maka. Abin dariya a nan, a manhajar da take alfahari da cewa ba a rubutu, dabarar da ƙwararru suka fi runguma ita ce wadda ta mayar da hannunsu kan madannan rubutu.

A 2009 kamfanin ya buɗe ƙofa a hukumance: duk mai shawara ya kawo, sauran masu amfani su kaɗa mata ƙuri'a. Da fitowar 2010 ta zo, sai ga wasu daga cikin shawarwarin a ciki. Me mutane suka nema? A ba su dama su rubuta suna a jikin waya, don in ta yi nisa a san abin da take ɗauke da shi. A rage girman ɗan akwatin "e ko a'a", wanda a da yake nuna zaɓin biyu gefe da gefe yana cin wuri, ya koma nuna ɗaya kawai. Irin waɗannan. Wanda ke wuni takwas a gaban allo, abin da ke cin ransa shi ne ɗan abin da zai maimaita sau ɗari kafin azahar.

Shi kuwa kamfanin idonsa na kan babban abu. A 2017 ya ƙaddamar da LabVIEW NXG, sabuwar manhaja da aka sake ginawa, mai kyan gani, kuma tana zuƙowa. Sai dai ta zo ba ta iya yawancin abin da tsohuwar ke yi ba, ga masana'antu da ɗakunan gwaji cike da shirye-shiryen da aka shekara 20 ana tarawa. Wa zai kwashe wannan kaya ya koma gidan da ba a gama rufinsa ba? Mutane suka yi zamansu a tsohuwar. A ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar cewa ya dakatar da NXG, fitowar 2021 ita ce ta ƙarshe.

Sannan, a tsakiyar 2023, aka sa zuƙowa a fuskar wayoyi ta tsohuwar LabVIEW, wadda aka yi ta cewa ba ta buƙatarsa. Shekara 37 bayan fitowarta ta farko. Shekara 37, jama'a.

Akwai wata buƙatar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da haruffa masu lanƙwasa, ƙa da ɗa da ɓa. Tsohuwar LabVIEW ta dogara ne da jerin haruffan harshen da aka saita kwamfutar a kai, ba tsarin Unicode da ya tattara haruffan duniya ba. Harafin da ba ya cikin jerin sai ya fito a matsayin alamar tambaya. Ɗalibin injiniya a Zariya ko Maraɗi da ya so rubuta "ƙarfin wuta" a jikin mitarsa ya faɗa cikin matsala ɗaya da wanda ke son haɗa Rashanci da Japananci a allo guda. Shekara da shekaru injiniyoyi suna neman a gyara, abin da suka samu shi ne wani ɓoyayyen saiti da kamfanin bai tsaya masa a hukumance ba. NXG ta zo da Unicode, ta kuma tafi da abinta.

Lokaci yana neman ƙure mana, bari mu taƙaita sauran. Masu aiki a ƙungiya sun daɗe suna kukan cewa fayilolin LabVIEW ba rubutu ba ne, don haka haɗa gyaran mutum biyu a kan zane ɗaya aiki ne ja. A 2020 an fito da LabVIEW ta kyauta ga mai koyo a gida wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba, tana kuma aiki da ƙananan alluna irin su Arduino da Raspberry Pi. A 2022 kamfanin ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na biya duk shekara, aka yi ca a kansa, kuma duk wanda ke canza naira ko sefa zuwa dala ya san zafin wannan. A watan Oktoba na 2023 kamfanin Emerson ya saye National Instruments kan dala biliyan 8.2, a 2024 kuma aka dawo da lasisin dindindin ɗin.