Zangarniyar Dawa a Tambarin Ruwanda

Manomin Bichi ko Ɗambatta da ya dubi tambarin ƙasar Ruwanda zai ga abin da ya sani: dawa a gefe ɗaya, reshen kofi a ɗaya gefen, ga kwandon saƙa a tsakiya. Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 26,338 ne, ba ta fi Jihar Kano da wani abin kirki ba, amma ƙidayar 2022 ta sami mutum sama da miliyan 13 a cikinta. Tuddai ne birjik, kuma da wuya a ga gangaren da fartanya ba ta taɓa ba.

Wannan cunkoso ne wasu masana ke ɗora wa alhakin kisan kiyashin 1994, lokacin da aka hallaka kimanin mutum 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi, cikin kwana ɗari. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, domin rabon gado ya tsattsaga gonaki har wasu samari sun rasa inda za su sa garma. Sai dai ƙauyukan arewacin Kano sun isa shaida cewa ƙarancin fili kaɗai ba ya sa maƙwabci ya zare adda. Nan ma gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta, jakuna na kai taki a mangala, a shuka gero da dawa da wake wuri guda, harawa ta ciyar da awaki, kashinsu ya koma gona. In rigimar iyaka ta tashi, gaban dagaci ko alƙali ake zuwa.

Abin da ya ci Ruwanda siyasa ce. Ƙabilun ƙasar, Hutu da Tutsi da Twa, harshe ɗaya suke yi, Kinyarwanda, amma a shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida, kuma wannan kati ake dubawa a shingen kisa. Shi ya sa bayan kisan aka soke rubuta ƙabila a katin, sannan a 2001 aka cire launin ja daga tuta, aka kawo shuɗi da rawaya da kore da hoton rana.

Wani zai ce sauya tuta ba ya cika rumbu, masu sukar Shugaba Paul Kagame kuma na cewa da sunan haɗin kai ake toshe bakin 'yan adawa. Ƙorafin na da nauyi. Duk da haka, ƙasar da aka yi kisa a cikinta da katin shaida ta yi daidai da ta fara gyara daga katin.